Waƙar da Ta Buɗe Ƙofar Kurkuku

Karatu: Ayuba 19:23-27, Amos 5:21-24

    

Yau zancenmu a kan waƙa ne. Mu jama'a ne masu son waƙa. Ranar Lahadi ƙungiyar mawaƙa za ta tashi, Zumuntar Mata za ta fito da tuluna da caki, 'yan Sabon Rai su kawo tasu, matasa kuma su ɗauko jita. Duk wanda ya taɓa yin Kirsimeti ko Ista a wata babbar majami'a a Jos, ko Kaduna, ko Sabon Garin Kano, watakila ya ji wata waƙar Turanci wadda ake ta maimaita Halleluya a cikinta, muryoyi huɗu suna bin juna, jama'a duka a tsaye. Wannan waƙa ɓangare ne na wani babban aiki da ake kira Messiah, wato Almasihu. Zan ba ku labarinsa, domin akwai tambaya a ciki wadda ta shafe ni, ta shafe ku. Tambayar ita ce: waƙoƙin fansa da muke rerawa kowane mako, wa suka taɓa fansa?

Wanda ya shirya kiɗan sunansa George Frideric Handel. An haife shi a garin Halle a ƙasar Jamus a shekara ta 1685. Mahaifinsa wanzami ne kuma likitan fada, ya so ɗansa ya zama lauya, amma zuciyar yaron tana wajen kiɗa. Ya yi shekaru a Italiya yana ƙara gwaninta, ya isa Landan a 1710, daga baya ya mai da ita gida. Domin mu gane zamanin, shekarun da za mu yi magana a kansu su ne na Sarkin Kano Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743. Ba a ma haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ba tukuna, sai a 1754.

Sana'ar da Handel ya yi suna da ita ana kiranta opera. Wasan kwaikwayo ne, amma daga farko har ƙarshe da waƙa ake yinsa. Akwai tufafin sarauta, da adon dandamali, da makaɗa masu goge irin na Turawa da masu busa. Labaran na sarakuna ne da jarumawan dā, harshen kuwa Italiyanci, wanda yawancin mutanen Landan ba sa ji. Manyan mawaƙan ma daga Italiya ake ɗauko su da kuɗi mai yawa. Abin manya ne da attajirai. In mun kwatanta da namu, Handel makaɗin fada ne, irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo. Shi ya shirya waƙoƙin naɗin Sarki George na Biyu a 1727, ɗaya daga cikinsu kuwa ana rera ta a naɗin kowane sarkin Ingila tun daga lokacin, har da naɗin Sarki Charles na Uku a 2023.

Amma kun san halin duniya. A 1733 waɗansu manya suka kafa tasu ƙungiyar opera don su kara da shi. Masu kallo ba su isa su riƙe gidaje biyu ba, sai a 1737 ɓangarorin biyu duka suka tashi da hasara. A shekarar nan kuma ciwon shanyewar jiki ya kama hannunsa na dama, har sai da ya je jiyya a maɓuɓɓugar ruwan zafi a garin Aachen. Ya warke, ya komo, ya sāke gwadawa, amma kasuwar ta riga ta watse. Opera ɗinsa ta ƙarshe, mai suna Deidamia, an nuna ta a farkon 1741. Sau uku kawai aka yi ta, aka naɗe tabarma. Mutumin da ya shirya opera wajen arba'in, ga shi yana da shekara 56, sana'ar da ya yi shekara 30 yana ginawa ta mutu a hannunsa.

Hausawa suka ce in kiɗa ya sāke, rawa ma sai ta sāke. Tun kafin lokacin Handel ya fara wani irin aiki da ake kira oratoriyo. Shi babu kwaikwayo, babu tufafin wasa. Mawaƙa suna tsaye ne kawai suna rera labari, yawanci daga Littafi Mai Tsarki, da Turancin da kowa yake ji. Wani abokinsa, Charles Jennens, ya tsamo ayoyi daga Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari, ya jera su kashi uku. Kashi na fari alkawarin zuwan Almasihu da haihuwarsa, daga Ishaya da Luka da sauransu. Kashi na biyu shan wuyarsa, da mutuwarsa, da tashinsa, da bazuwar bishara. A ƙarshensa ne Halleluyar nan take, daga Wahayin Yahaya sura 19 da 11. Kashi na uku tashin matattu, daga Ayuba 19 da 1 Korantiyawa 15.

Handel ya zauna a kan aikin ran 22 ga Agusta 1741, ya gama ran 14 ga Satumba. Kwana 24 ke nan, shafi 259. A ƙarshen takardar ya sa haruffa uku, S.D.G., taƙaitawar kalmomin Latin masu nufin cewa ɗaukaka ta Allah ce shi kaɗai.

To, ga inda nake so ku kasa kunne sosai. Ba a Landan aka fara rera Messiah ba. A birnin Dublin ne, a ƙasar Ailan, ran 13 ga Afrilu 1742, ana gab da Ista. Mawaƙan sun fito daga manyan majami'u biyu na birnin. Domin zauren ya ɗauki mutane da yawa, sai aka roƙi mata kada su sa bujen nan mai baza da ake yayi a lokacin, maza kuma su bar takubansu a gida. Mutum 700 suka shiga. Kuɗin da aka tara ya kai wajen fam 400. Handel bai sa shi aljihu ba. An raba shi uku: kashi biyu ga asibitoci biyu na talakawa, kashi ɗaya ga waɗanda aka kulle saboda bashi.

A zamanin nan, in mutum ya kasa biyan bashi, mai bin sa yana iya sa a jefa shi kurkuku, ya zauna har sai an biya. To, yaya wanda yake a kulle zai nemo kuɗin? Ba gona, ba kasuwa, iyali kuma suna waje da yunwa. In ba wani ya biya masa ba, sai ya ruɓe a ciki. Da kuɗin waƙar nan aka fitar da mutum 142. Ku lura, 'yan'uwa. A cikin zaure ana waƙar wanda ya ɗauki laifofinmu, kamar yadda Ishaya 53 ta faɗa. A bayan zaure kuwa ana buɗe ƙofa, magidanta suna komawa wurin matansu da 'ya'yansu. Abin da baki ya rera, hannu ya aikata.

Da aka kai Messiah Landan a 1743, ba a karɓe ta da murna ba. Waɗansu masu ibada suka ce bai dace a rera Maganar Allah a gidan wasa ba. Waɗansu kuma ba ta burge su ba. Haka ta yi ta jan ƙafa har 1750. A Landan akwai wani gida da wani tsohon matuƙin jirgin ruwa, Thomas Coram, ya yi shekaru yana fama kafin ya sami izinin kafa shi a 1739, domin jariran da ake yarwa a titi. A 1750 Handel ya rera Messiah a ɗakin sujadar gidan don a tara musu kuɗi. Wurin ya cika har aka mai da waɗansu, dole aka sāke yi bayan mako biyu. Daga nan ya zama abin kowace shekara. A wurin marayun nan ne waƙar ta kafu a Ingila. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

A 1751 idonsa ya fara dushewa, kafin 'yan shekaru ya makance. Duk da haka yakan sa a ja shi zuwa wurin abin kiɗa ya buga da ka. Ya halarci rera Messiah ran 6 ga Afrilu 1759, ya rasu ran 14 ga watan, ana gobe Ista, yana da shekara 74. A wasiyyarsa ya bar wa gidan marayun kwafin waƙar, domin su ci gaba da cin moriyarta. An binne shi a babbar majami'ar Westminster. A wurin kabarinsa an sassaƙa siffarsa da dutse, da takardar waƙa a buɗe. Waƙar da aka zaɓa ita ce ta Ayuba 19:25.

Yanzu bari mu duba ayar. Ayuba ya rasa dukiya, ya rasa 'ya'ya, ya rasa lafiya, abokansa kuma suna ɗora masa laifi. Cikin wannan hali ya yi fatan a zana maganarsa a kan dutse, don kada ta ɓace. Maganar kuwa ita ce tabbacinsa cewa yana da mai fansa rayayye, wanda zai tsaya masa a ƙarshe. Kalmar da aka fassara mana mai fansa, a Ibrananci ana cewa go'el. Kalma ce ta zaman gida da dangi. Ku karanta Littafin Firistoci sura 25. In talauci ya sa mutum ya sayar da gonar gādo, ɗan'uwansa mafi kusa ne zai je ya biya ya komo da ita. In bashi ya sa mutum ya sayar da kansa, ɗan'uwa ne zai biya ya fito da shi. Abin da Bo'aza ya yi wa Na'omi da Rut ke nan. Mai fansa dole ya zama dangi, dole ya kasance yana da abin biya, dole kuma ya yarda ya biya.

Kakanninmu sun san wannan. A ƙasar Hausa bawa yakan biya murgu don a bar shi ya yi aikin kansa, yana tarawa kaɗan kaɗan ko ya fanshi kansa. A zamaninmu ma, kalmar kuɗin fansa ta shiga gidaje da yawa da kuka. An sayar da shanu, an sayar da gonaki don a karɓo ɗan'uwa daga daji. Mun san fansa ba ta yiwuwa da fatar baki. Sai wani ya yi hasara kafin wani ya fita.

Bashin zunubi kuwa ba murgun da zai biya shi. Saboda haka Ɗan Allah ya ɗauki jiki irin namu, ya zama danginmu, domin ya cancanci tsaya mana. Manzo Bitrus ya tuna mana a wasiƙarsa ta fari, sura 1, cewa da jinin Almasihu aka biya, ba da kuɗi ba. Manzo Bulus kuma a Kolosiyawa 2:14 ya kwatanta laifinmu da takardar bashi wadda Allah ya soke a kan gicciye. Wannan shi ne tushen dukan waƙoƙinmu.

Amma akwai gargaɗi a labarin nan, ba zan ɓoye muku ba. A shekarun da ake tafa wa Messiah, jiragen Ingila suna tashi daga Liverpool da Bristol da Landan, suna kwasar 'yan Afirka daga gaɓar tekunmu zuwa bauta. Handel kansa ya taɓa zuba kuɗi a kamfanin South Sea, wanda cinikin bayi yana cikin harkokinsa. An ga ɗaurarrun da suke kusa, ba a ga na cikin jirgi ba. Mutum yana iya zub da hawaye a kan waƙar fansa, alhali abincin da yake ci daga ɗaurin wani yake fitowa.

Akwai wani mutum, John Newton, wanda ya yi shugabancin jirgin bayi har 1754, daga baya ya zama fasto a Landan. A 1784 da 1785, lokacin da mutanen birnin suke rububin zuwa jin Messiah, ya yi wa'azi 50 a kan ayoyin da suke cikinta. A ɗaya daga ciki ya kawo misalin mutanen da suke jiran hukunci saboda tayar wa sarki, sai sarki ya aiko musu da saƙon gafara. Maimakon su karɓa, sai suka sa wa saƙon kiɗa, suna jin daɗin muryar, har ranar shari'a ta same su. A 1788 Newton ya fito fili ya yi rubutu gāba da cinikin bayi, ya kuwa rayu har ya ga majalisar Ingila ta hana shi a 1807.

Annabi Amos ya riga ya faɗi wannan tun da daɗewa. A zamaninsa wuraren sujada a cike suke, waƙa tana tashi, molo yana kuka. Amma a sura 2 da sura 8 ya nuna yadda ake sayar da matalauci saboda bashin da bai wuce kuɗin takalmi ba, ana rage mudu, ana ƙara farashi. Sai a sura 5 Allah ya ce ba zai saurari waƙoƙinsu ba. Abin da yake nema shi ne gaskiya da adalci su yi ta gudu kamar rafin da ba ya ƙafewa. Allah ba ya ƙin waƙa, shi ya ba mu Zabura 150. Abin da yake ƙi shi ne bakin da yake yabonsa da safe, hannu kuma yana shaƙe maƙwabci da yamma.

To, bari mu komo gida. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Dukanmu mun san yadda watan Agusta yake a ƙauyukanmu. Rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, ga kuɗin taki, ga zazzaɓin yara, ga kuɗin makaranta yana tafe. Sai ɗan'uwa ya je wurin mai hali ya karɓi buhu ɗaya, da sharaɗin zai mayar da biyu da kaka. Wani ya sayar da shinkafarsa tun tana gona a rabin kuɗinta. Wata gwauruwa ta jinginar da gonar marayunta, shekara da shekaru wani yana nomawa. Sau da yawa mai ba da bashin da mai karɓa a benci ɗaya suke zama ran Lahadi, littafin waƙoƙi ɗaya suke riƙewa, suna rera waƙar gicciye tare.

Kurkukun ma bai ƙare a zamanin Handel ba. A watan Nuwamba 2023 Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Nijeriya ta fara sakin fursunoni 4,068 waɗanda suke tsare don sun kasa biyan tara ko diyya. Naira miliyan 585 aka tara daga masu taimako aka biya musu. Dubban mutane ke nan da ƙaramin kuɗi ya raba su da iyalansu.

Saboda haka ina roƙonku abu uku.

Na ɗaya, gare ka ɗan'uwa mai bin bashi. Kafin ka kawo buhunka gaban bagade ranar godiyar kaka, ka buɗe littafin bashinka. Karɓi abin da ka bayar, hakkinka ne. Amma ribar da ka ɗora a kan yunwar ɗan'uwanka, ka sauke ta. In akwai gonar gwauruwa a hannunka wadda ka riga ka ci fiye da kuɗinka a cikinta, ka mayar. Haka Nehemiya ya sa manyan Yahuza suka yi a sura 5. Ka tuna da bawan nan na Matiyu 18, wanda aka yafe masa abin da ba zai iya biya ba har abada, ya fita ya kama wuyan abokinsa saboda ɗan abu kaɗan. Kai kuma mai cin bashi, in Allah ya hore maka, ka biya, kada ka mai da haƙurin ɗan'uwanka abin wasa.

Na biyu, gare ku ƙungiyoyin mawaƙa, da iyayenmu mata na Zumunta, da matasa. Muna shirya ranar waƙoƙi, muna gayyatar baƙi, ana tara kuɗi don sabon anko, ko lasifika, ko janareta. Waɗannan ba laifi ba ne. Amma ko sau ɗaya a shekara, me zai hana a yi taron waƙa wanda dukan abin da aka samu zai tafi ga fitar da wani? A biya wa majiyyacin da aka riƙe a asibiti saboda kuɗin magani. A biya tarar wani yaro da yake gidan yari. A kai tsohuwar da yanar ido ta rufe ta Asibitin Ido na ECWA a Kano. Kada a tambayi ko ɗan ikkilisiyarmu ne, ko maƙwabcinmu Musulmi ne. A kuma yi shi a asirce, ba tare da kiran sunan wanda aka taimaka a gaban jama'a ba, don kada a fitar da mutum daga bashi a sa shi cikin kunya.

Na uku, gare ku dattawan ikkilisiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Daga hatsin godiya, ku ware rumbu guda wanda ba za a taɓa ba sai damina ta yi tsakiya. Wanda ya rasa ya zo ya ara mudu, ya mayar da mudu, ba ƙari. A rubuta kome, a sa amintattu biyu ko uku su lura. Ikkilisiyar da take da irin wannan rumbu, wa'azinta a kan fansa ba zai bukaci dogon bayani ba.

Kada wani ya ji ni a karkace. Ba da waɗannan ayyuka muke sayen ceto ba. An riga an biya. Muna sakin waɗansu ne domin mu ma sakakku ne.

Kai kuma mai saurarona, watakila ka yi shekaru kana rera waƙoƙin nan, muryarka tana da daɗi, ka haddace baitoci, amma ba ka taɓa miƙa hannu ka karɓi gafarar da waƙar take shela ba. Kada ka zama kamar mutanen misalin Newton. An buɗe ƙofa, ka fito. Yau ka faɗa wa Yesu cewa bashinka ya fi ƙarfinka, ka dogara ga abin da ya biya. In kuwa kana cikin halin Ayuba, sana'a ta karye, jiki ya gaza, abokai sun juya baya, ka riƙe abin da Ayuba ya riƙe. Mai Fansarka yana da rai, bai kuwa manta da kai ba.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na Sama, mun gode maka saboda Yesu Almasihu, wanda ya zama ɗan'uwanmu ya biya abin da ba mu iya biya. Ka gafarta mana inda muka yabe ka da baki, muka kuwa ƙuntata wa maƙwabtanmu. Ka tuna da waɗanda suke kurkuku, da waɗanda suke hannun masu garkuwa, da waɗanda bashi ya hana su barci a daren nan. Ka buɗe hannuwanmu kamar yadda ka buɗe bakunanmu. Ka sa waƙoƙin ikkilisiyoyinmu su zama abin karɓa a gabanka. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Sai wani mako in Ubangiji ya kai mu. Ku huta lafiya, alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka.